Tarihin Harold Urey, Malamin Ƙauye Da Ya Auna Zafin Tekun Zamanin Da

Kowane malamin makaranta ya san ma'aunin zafi, kowane akawun asibiti kuma ya ga yadda a ke sa shi a bakin majiyyaci. To, amma in an tambayi mutum zafin ruwan teku shekara miliyan ɗari da suka wuce, sa'ad da babu mai aunawa, babu mai rubutawa, lalle sai ya ce wannan tambaya ba ta da amsa. Mutumin da ya fara samo hanyar amsa ta shi ne Harold Clayton Urey, mutumin Amurka, wanda shi ma da koyarwa a makarantar ƙauye ya fara aiki.

An haifi Urey ran 29 ga watan Afrilu, 1893, a wani ƙaramin gari mai suna Walkerton cikin jihar Indiyana. Ubansa malamin makaranta ne kuma mai wa'azi, ya rasu yaron yana ɗan shekara shida, ya bar uwar da ɗawainiyar yara. Da Urey ya gama makarantar sakandare cikin 1911 ba shi da halin wucewa jami'a, sai ya sami takardar shaidar koyarwa, ya yi shekara uku yana karantar da yara a ƙauyukan Indiyana da Montana. Cikin 1914 ya shiga Jami'ar Montana, ya karanta ilmin dabbobi, ya fita a 1917. Lokacin nan Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai ya tafi Filadalfiya ya yi aiki a wata masana'antar sinadarai, daga nan ne hankalinsa ya koma ga ilmin sinadarai ɗungum.

Cikin 1921 ya tafi Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya yi karatu a hannun Gilbert Lewis, ya sami digirin dakta a 1923. Sa'an nan ya ƙetare teku ya yi shekara guda a Kofanhegan wajen Niels Bohr, babban masanin ƙwayar zarra. Da ya komo gida ya koyar a Jami'ar Johns Hopkins, a 1929 kuma ya koma Jami'ar Kolambiya a birnin Niyu Yok.

A nan ne ya yi binciken da ya ɗaukaka sunansa. Masana sun riga sun gane cewa ƙwayoyin zarra na sinadari guda ba duka ne nauyinsu ɗaya ba, kamar yadda 'yan'uwa ciki ɗaya kan yi kama amma wani ya fi wani nauyi. Cikin 1931 Urey da abokan aikinsa biyu, Ferdinand Brickwedde da George Murphy, suka gano haidurojin mai nauyi, wadda ta ninka ta yau da kullum sau biyu. Saboda wannan aka ba shi kyautar Nobel a 1934. Bai halarci bikin a Istokholom ba, domin matarsa tana gab da haihuwa.

Wannan ƙwarewa wajen rarrabe zarra mai nauyi da marar nauyi ita ce ta jawo shi cikin aikin bom ɗin atam a Yaƙin Duniya na Biyu. Shi aka ɗora a kan ma'aikatar bincike ta Kolambiya, wadda ke neman hanyar tace ƙarfen yuraniyam. Da aka jefa bom a Hiroshima da Nagasaki cikin watan Agusta, 1945, abin ya dame shi ƙwarai. Ya yi ta yawo yana jawabi, yana neman a fid da wannan makami daga hannun soja, a sa shi ƙarƙashin kulawar ƙasashen duniya baki ɗaya. A shekarar nan ya koma Jami'ar Shikago, a gajiye, yana neman aikin da zai yi da ilminsa wanda ba na hallaka jama'a ba.

Ga abin da ya samu. Cikin kowace zarra ɗari biyar ta oksijin, kamar guda ɗaya ce mai nauyi, wadda a ke kira oksijin 18, sauran kuwa kusan duka oksijin 16 ne. Dabbobin teku masu ɓawo, irin kumba da katantanwa, da sinadarin farar ƙasa su ke gina ɓawonsu, oksijin ɗin da ke cikinsa kuwa da ruwan da su ke zaune a ciki ya ke cuɗanya. Lissafin Urey ya nuna cewa in ruwan na da sanyi, oksijin mai nauyi kan shiga ɓawon da ɗan yawa, in kuwa da ɗumi sai ta ragu. Ashe ke nan kowane ɓawo na ɗauke da labarin zafin ruwan da aka gina shi a ciki. Ya bayyana wannan a wani jawabi da ya yi a Landan ƙarshen 1946, aka buga shi a 1947.

Amma faɗa da baki daban, aikatawa daban. Bambancin da digiri ɗaya na zafi ke kawowa bai wuce kashi ɗaya cikin dubu huɗu ko biyar na yawan oksijin mai nauyin ba, na'urorin lokacin kuwa ba su iya ganin abu ƙanƙane haka. Sai Urey ya tara matasan masana, cikinsu har da Samuel Epstein da Charles McKinney da John McCrea, suka gyara na'urar da ke rarrabe zarra bisa ga nauyi har ta iya. Suka kuma auna ɓawon dabbobin da aka san zafin ruwan da suka girma a ciki, domin su tsara ma'auninsu bisa abin da ya tabbata.

Cikin 1951 suka buga sakamakon wani gwaji mai ban mamaki. Sun sami ƙashin wata dabbar teku da ta ƙare tuntuni, mai suna belemnait, daga tsibirin Skye a ƙasar Sikotilan, wadda ta rayu fiye da shekara miliyan 145 da suka wuce. Ƙashin nan zobe-zobe ne, kamar gindin itacen da aka sare. Suka kankare shi zobe bayan zobe suna aunawa, sai ga zafi na hawa yana sauka, bazara da hunturu suna bin juna. Suka gane dabbar ta yi kamar shekara huɗu a duniya.

Cikin waɗanda suka yi aikin nan akwai Heinz Lowenstam, Bayahude ɗan Jamus, wanda dokokin Hitila suka hana shi karɓar digirinsa a Munik, ya yi hijira zuwa Shikago a 1937. Shi ne ya kai ma'aunin Urey ga dabbar da a ke kira birakiyofod. Ita wannan dabba ɓawo biyu gare ta kamar kumba, amma ba danginta ba ce, a ƙasan teku ta ke maƙalewa. Ta bayyana fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce, ta cika tekunan zamanin da, har yanzu kuma akwai iri wajen ɗari huɗu da rai. Amfaninta shi ne ɓawon yawancinta na kalsait ne mai ƙarancin maganiziyam, wanda ba ya saurin sākewa cikin dutse. A 1961 Lowenstam ya nuna cewa birakiyofod masu rai suna gina ɓawonsu daidai da zafin ruwa da yanayinsa, saboda haka ana iya dogara ga na zamanin da. Belemnait ba ta kai mutum can baya ƙwarai, birakiyofod kuwa ta buɗe ƙofar shekara miliyan ɗaruruwa da suka gabace ta.

Kada mai karatu ya zaci ma'aunin nan ba shi da aibu. Urey da kansa ya san cewa ba zafi kaɗai ke sāke awon ba, har da irin ruwan tekun. Ruwa mai oksijin marar nauyi ya fi saurin tashi ya zama girgije, in ya zubo ya daskare ya zama ƙanƙara a kan ƙasa, sai teku ta ragu da mai nauyi. Don haka awo guda yana iya nuna sanyi, ko yawan ƙanƙara, ko duka biyu. Masana na baya kuma sun gano cewa fatar waje ta ɓawon birakiyofod ba abin dogara ba ce, sai ta ciki. Duk da haka, da ɓawon nan aka ƙarfafa shaidar wani babban sanyi da ya auku wajen shekara miliyan 445 da suka wuce, wanda ya hallaka dabbobin teku masu ɗimbin yawa. A wannan zamani ƙanƙara ta rufe inda Hamadar Sahara ta ke a yau, har an sami alamunta a duwatsun Jado da ke arewa maso gabashin Nijar.

Urey bai tsaya nan ba. A 1952 ya buga littafi a kan asalin taurari masu kewaya rana, a shekarar kuma almajirinsa Stanley Miller ya yi shahararren gwajinsa a ɗakin bincikensa. Wani almajirin nasa, Cesare Emiliani, ya yi amfani da ma'aunin a kan ƙananan halittun lakar teku, ya nuna a 1955 cewa sanyi da ɗumi sun yi ta karɓa-karɓa sau da yawa. A 1958 Urey ya koma Jami'ar Kalifoniya a San Diyego, ya kuma bincika duwatsun da aka ɗebo daga wata a 1969. Ya rasu a La Jolla ran 5 ga Janairu, 1981, yana da shekara 87, aka kai shi Indiyana aka binne.

Masu hikima sun ce waiwaye adon tafiya. Duk masanan da ke ƙoƙarin sanin inda ɗumamar duniya za ta kai mu, sai sun waiwayi yadda yanayi ya sāke a da, ma'aunin da su ke waiwayen da shi kuwa daga hannun wannan tsohon malamin ƙauye ya fito.