John Bright: Ɗan Majalisar Manchester da Birmingham

An haifi John Bright ranar 16 ga Nuwamba, 1811, a Rochdale, wani garin masaƙu da ke arewa da birnin Manchester a ƙasar Ingila. Mahaifinsa, Jacob Bright, yana da masana'antar kaɗa zaren auduga. Gidansu mabiya wata ɗariƙa ce ta Kirista da ake kira Kweka. Mutanen wannan ɗariƙa ba su da limamai naɗaɗɗu, ba sa rantsuwa a gaban alƙali, ba sa ado, kuma suna ƙyamar yaƙi ko da wane iri ne. A wancan zamani wanda ba ya bin cocin gwamnati ba ya samun digiri a jami'o'in Oxford da Cambridge. Saboda haka karatun John bai wuce makarantun ɗariƙarsu ba, kuma yana da shekara 15 ya bar makaranta ya kama aiki a masana'antar mahaifinsa.

Barin makaranta bai hana shi neman ilimi ba. Ya duƙufa a kan karatun tarihi da waƙoƙin Ingilishi da Littafi Mai Tsarki, ya kuma shiga cikin samarin da suka kafa ƙungiyar adabi da falsafa a Rochdale, inda ake taruwa da dare ana muhawara a kan tarihi da mulki da zaman jama'a. A nan ya koyi tsayawa gaban mutane ya kawo hujja daki-daki. Jawabansa na farko a bainar jama'a a kan illar shan giya ya yi su. Daga baya ya yi fice wajen adawa da harajin da ake karɓa daga kowa da kowa don kula da cocin gwamnati, har da waɗanda ba sa ibada a cikinsa.

Yaƙi da Dokokin Hatsi

A shekarar 1815 majalisar dokokin Birtaniya ta kafa Dokokin Hatsi, waɗanda suka taƙaita shigo da alkama daga ƙetare. Dokokin sun amfani manyan masu gonaki, kuma su ne suka fi yawa a majalisa. Talakan birni kuwa sai ya sayi burodi da tsada. A shekarar 1838 wasu 'yan kasuwa da masu masaƙu suka kafa ƙungiya a Manchester don neman a soke dokokin, kuma a shekarar da ta biyo baya ta zama ta ƙasa baki ɗaya. Jagoranta shi ne Richard Cobden.

Bright ya auri Elizabeth Priestman a 1839, amma tarin fuka ya yi ajalinta a watan Satumba na 1841, ta bar shi da jaririya. Cobden ya je yi masa ta'aziyya, ya kuma tunatar da shi cewa a wannan lokaci akwai dubban gidaje da yunwa ke kashe mata da yara, ya roƙe shi idan baƙin ciki ya lafa su haɗa hannu har sai an soke dokokin. Bright ya amsa. Shekara biyar suka yi suna zagaya garuruwan Ingila da Sikotilan. Cobden yakan kawo lissafi da alƙaluma cikin natsuwa, Bright kuma ya biyo baya da zance mai ratsa zuciya cikin harshen da leburan masaƙa ke fahimta. A 1843 aka zaɓi Bright ɗan majalisa mai wakiltar Durham. A 1845 ciwo ya lalata dankalin Turawa a Ailan, aka shiga mummunar yunwa, kuma a 1846 Firayim Minista Robert Peel ya soke dokokin, ko da yake hakan ya raba jam'iyyarsa biyu.

A zaɓen 1847 mutanen Manchester suka saka wa Bright da kujerar birninsu. Manchester a lokacin ita ce cibiyar saƙa ta duniya. Yadinta ya kai har ƙasar Hausa, domin lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya tarar da yadin Manchester a kasuwa. Ra'ayin Cobden da Bright shi ne ciniki ba tare da shinge ba zai sa al'ummomi su dogara da juna, wanda kuma yake cin abinci a hannun maƙwabcinsa ba zai yi gaggawar ɗaukar makami a kansa ba. Wannan ra'ayi shi aka riƙa kira Mazhabar Manchester.

Yaƙin Kirimiya da faɗuwa a Manchester

A watan Maris na 1854 Birtaniya da Faransa suka shiga yaƙi da Rasha don mara wa Daular Usmaniyya baya. Jama'a suka karɓi yaƙin da murna, jaridu suka yi ta zuga. Bright ya tsaya ya ce bai yarda ba. Bai kafa hujja da aƙidar ɗariƙarsa kaɗai ba, domin ya san yawancin 'yan majalisa ba su yarda da ita ba. Ya ɗauko tarihi ya nuna musu cewa tun ƙarnin da ya gabata Birtaniya ke shiga yaƙe-yaƙen Turai da sunan daidaita ƙarfin dauloli, abin da ta samu kuwa shi ne bashi da haraji, kuma talaka ke biya da aljihunsa da jininsa. Ya ce an samu damar sulhu da Rasha, aka yi watsi da ita.

Ranar 23 ga Fabrairu, 1855, ya yi jawabin da ya fi shahara da shi a majalisa, inda ya siffanta mutuwa da mala'ikan da ke shawagi a kan ƙasar, ba ya bambanta fadar mai mulki da bukkar talaka. Majalisa ta yi tsit, har abokan hamayyarsa suka yaba fasahar zancen, amma ba su sauya ƙuri'arsu ba. Kafin yaƙin ya ƙare a 1856 Birtaniya ta rasa sojoji sama da 20,000, kuma cututtuka ne suka kashe mafi yawansu.

Gaskiya ɗaci gare ta. A Manchester aka ƙona mutum-mutuminsa, aka kira shi abokin Rasha. Nauyin abin ya taɓa lafiyarsa, a 1856 ya kwanta jinya, ya daina zuwa majalisa. Yana ƙasar waje yana hutawa sai rikici ya tashi a kan ruwan wuta da jiragen Birtaniya suka yi wa birnin Kanton na ƙasar Sin. Cobden ya kawo ƙudurin sukar gwamnati, ya kuma yi nasara, sai Firayim Minista Palmerston ya rushe majalisa ya kira zaɓe. A zaɓen 1857 Bright ne ya zo na ƙarshe a Manchester, birnin da shekara goma kafin nan ya ɗauke shi gwarzo.

Shekarun Birmingham

Bai daɗe a waje ba. A watan Agusta na 1857 ɗaya daga cikin kujerun Birmingham ta zama babu kowa, aka zaɓe shi ba hamayya. Birmingham garin maƙera ne da ƙananan masu sana'a, har da masu ƙera bindigogi, amma suka riƙe wannan maƙiyin yaƙi a matsayin wakilinsu fiye da shekara 30, har ƙarshen rayuwarsa. A watan Fabrairu na 1858 yana cikin waɗanda suka jagoranci ƙuri'ar da ta kayar da gwamnatin Palmerston. A watan Oktoba na wannan shekara, a babban zauren taro na Birmingham, ya bayyana tushen ra'ayinsa: dokar ɗa'a da ta hau kan mutum ɗaya ita ce ta hau kan ƙasa, abin da yake zalunci idan mutum ya aikata ba ya zama adalci don gwamnati ce ta aikata, kuma girman ƙasa a halin zaman talakanta ake auna shi.

Da wannan ma'auni ya dubi Indiya. Ya daɗe yana sukar Kamfanin Gabashin Indiya, yana cewa yana tatsar haraji ba ya gina hanyoyi da madatsun ruwa. Bayan boren 1857, lokacin da mulkin Indiya ya koma hannun Sarauniya a 1858, ya ba da shawarar a raba ƙasar zuwa manyan larduna, kowane da majalisarsa, a kuma sa 'yan ƙasa a ciki. Ba a karɓi shawarar ba.

Babban gwaji ya zo da yaƙin basasar Amurka a 1861. Mafi yawan audugar da masaƙun Lancashire ke amfani da ita bayi ne ke noma ta a jihohin Kudu. Da jiragen ruwan Arewa suka toshe tashoshin Kudu, auduga ta yanke, masaƙu suka rufe, dubban ma'aikata suka rasa aiki. Masana'antar gidan Bright ma ba ta tsira ba. Manyan mutane da yawa a Ingila sun karkata ga Kudu, wasu har suna neman a amince da ita a matsayin ƙasa. Bright ya goyi bayan Arewa, ya ce asalin yaƙin bauta ce, kuma ma'aikacin Ingila ba shi da wata maslaha a tsarin da ke mayar da ma'aikaci haja. Ranar 31 ga Disamba, 1862, ma'aikatan Manchester suka yi taro suka aika wa Shugaba Abraham Lincoln wasiƙar goyon baya, duk da yunwar da suke ciki, shi kuma ya amsa musu a watan Janairu na 1863. Lokacin da aka harbe Lincoln a 1865, cikin abubuwan da aka samu a aljihunsa akwai yankin jarida mai ɗauke da yabon da Bright ya yi masa.

A shekarar ce kuma Cobden ya rasu, kuma a cikinta aka yi boren Morant Bay a tsibirin Jamaika. Gwamna Eyre ya murƙushe boren, aka kashe baƙar fata sama da 400, aka rataye ɗan majalisar tsibirin George William Gordon. Masanan Ingila suka rabu biyu. Bright da masanin falsafa John Stuart Mill suka nemi a gurfanar da gwamnan a gaban shari'a, domin a ganinsu doka ɗaya ce ga Bature da baƙar fata. Marubuci Thomas Carlyle da wasu suka kare shi da hujjar tsaron daula. An tuɓe Eyre daga muƙaminsa, amma kotu ba ta hukunta shi ba.

A cikin gida, babban aikinsa shi ne neman a ba ma'aikata 'yancin jefa ƙuri'a. Manchester da Birmingham kansu ba su da wakilai nasu a majalisa sai bayan gyaran dokar zaɓe na 1832, kuma ko a lokacin masu dukiya kaɗai ke zaɓe. A 1866 Bright ya yi ta jawabi a manyan tarurruka a Birmingham da Manchester da Leeds da Glasgow. A 1867 gwamnatin 'yan mazan jiya ta kafa dokar da ta ba magidanta na birane ƙuri'a, yawan masu zaɓe ya kusan ninkawa. A 1872 aka kawo ƙuri'ar sirri, wadda ita ma ya daɗe yana nema.

Minista da murabus

A 1868 Firayim Minista William Gladstone ya naɗa shi ministan ciniki, ya zama ɗan ɗariƙar Kweka na farko da ya shiga majalisar ministocin Birtaniya. Aikin ofis bai karɓe shi kamar dandalin jawabi ba, rashin lafiya kuma ya sa ya sauka a 1870. Ya sake riƙe muƙami daga 1873 zuwa 1874, sannan daga 1880. Ranar 11 ga Yuli, 1882, jiragen yaƙin Birtaniya suka yi wa birnin Iskandariya na Masar ruwan wuta don karya yunƙurin Ahmad Urabi. Bayan kwanaki kaɗan Bright ya ajiye muƙaminsa, domin a ganinsa harin ya saɓa wa dokar ƙasa da ƙasa da ta ɗa'a. Bai sake shiga gwamnati ba. Sojojin Birtaniya kuwa suka mamaye Masar, ba su gama ficewa ba sai a 1956.

Mutum tara yake, bai cika goma ba. A 1847 Bright ya yi adawa da dokar da ta taƙaita aikin mata da matasa a masaƙu zuwa awa goma a rana, yana cewa bai kamata gwamnati ta shiga tsakanin mai aiki da ma'aikaci ba. Masu suka suka ce maslahar mai masaƙa ce ke magana. A kan 'yancin zaɓen mata, ya goyi bayan Mill a 1867, amma a 1876 ya yi jawabin adawa, alhali ƙanensa Jacob na cikin jagororin neman wannan 'yanci a majalisa. A 1886 kuma, duk da cewa ya daɗe yana kare manoman Ailan daga masu gonaki, ya ƙi shirin Gladstone na ba tsibirin majalisar kansa. Matsayin nasa ya taimaka wajen kayar da shirin da raba jam'iyyar masu sassaucin ra'ayi, ya kuma sanyaya tsohuwar abotarsa da Gladstone.

John Bright ya rasu ranar 27 ga Maris, 1889, a gidansa da ke Rochdale, yana da shekara 77. An binne shi a maƙabartar ɗariƙarsu a garin, a kabari marar ado kamar na sauran 'yan'uwansa. A Birmingham akwai titi mai sunansa. A Manchester kuma, inda aka taɓa ƙona mutum-mutuminsa, an kafa masa wani na dutse a 1891 a dandalin Albert, gaban zauren hukumar birnin. Masana tarihi har yanzu suna jayayya a kan ko ciniki na hana yaƙi kamar yadda ya zata, ganin cewa Birtaniya da Jamus suna ciniki mai yawa da juna lokacin da suka gwabza a 1914. Abin da ba a jayayya a kai shi ne sau biyu aka ba shi zaɓi tsakanin kujera da aƙidarsa a kan yaƙi, a 1857 da 1882, kuma sau biyun kujerar ya bari.