Morihei Ueshiba: Malamin Da Ya Koyar Da Juyi Da Sanda

An haifi Morihei Ueshiba ranar 14 ga Disamba, 1883, a garin Tanabe na ƙasar Japan. Ya taso da yawan laulayi, shi ya sa mahaifinsa ya ƙarfafa masa gwiwar yin kokawar sumo da iyo domin jikinsa ya yi ƙwari. Ya yi aikin soja a zamanin yaƙin Japan da Rasha na 1904 zuwa 1905. A 1912 ya jagoranci ayarin manoma zuwa tsibirin Hokkaido, kuma a can ne, a 1915, ya gamu da Takeda Sokaku, wanda ya koya masa dabarun kamu da murɗe gaɓoɓi na Daito-ryu.

A 1931 ya buɗe makarantarsa mai suna Kobukan a birnin Tokyo, ya kuma horar da sojoji da 'yan sanda. Sai dai a 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, ya bar wa ɗansa Kisshomaru ragamar makarantar, ya koma ƙauyen Iwama ya rungumi noma. A wannan shekara ce aka fara kiran fasaharsa Aikido a hukumance.

A Iwama ya duƙufa a kan kayan horo biyu: takobin katako, wato bokken, da sanda mai tsawon kimanin ƙafa huɗu da ake kira jo, wadda ba ta da nisa da sandar da ake gani a hannun makiyayan Nguru da Gashua. Dalilinsa a fili yake. Sabon ɗalibi kan dogara da ƙarfin damtse, amma idan ya riƙe takobi da hannu biyu daidai cibiya, saransa ba ya tafiya daidai sai ƙugu da ƙafa sun juya tare. Kuskure kaɗan a ƙugu kan fito ƙarara a bakin sanda, malami ya gani, ɗalibi ma ya gani. Idan an ajiye katakon, wannan juyi ne ɗalibin zai yi amfani da shi ya kauce wa mai kawo hari, ya bi da ƙarfinsa a da'ira har ya kai shi ƙasa. Kayarwar da ake kira shihonage ta ginu ne a kan ɗaga takobi, juyawa da sara.

Mutumin da ya horar da mayaƙa ya ƙare rayuwarsa yana koyar da cewa a shawo kan abokin gaba ba tare da an illata shi ba. Ya rasu ranar 26 ga Afrilu, 1969, yana da shekara 85, sakamakon ciwon dajin hanta. Ɗalibinsa Morihiro Saito, wanda ya zo Iwama a 1946, shi ya tsara darussan sanda da takobin daki-daki, kuma da su ake koyarwa a ƙasashe da dama har yau.