JOHN BUNYAN (1628 – 1688): MAI FACIN TUKWANE DA YA ƘI RUFE BAKI

A wannan biki na cikar shekara hamsin muna tunawa da waɗanda suka riga mu ɗaukar kaya. Mun ga ya dace mu sa a cikinsu wani bawan Allah wanda bai taɓa taka ƙasarmu ba, amma da yawanmu mun san littafinsa, Tafiyar Mai Ibada. Sunansa John Bunyan.

An haife shi a shekara ta 1628 a ƙauyen Elstow, kusa da garin Bedford a ƙasar Ingila. Mahaifinsa mai facin tukwane da butoci ne, shi ma sana'ar da ya gada ke nan. Makarantarsa ba ta wuce ta koyon karatu da rubutu ba. A zamanin nan akwai waɗansu masu bi da ake kira 'yan Furitan, wato masu neman a tsarkake Ikkilisiyar Ingila daga kowace al'ada da ba su same ta cikin Littafi Mai Tsarki ba. Koyarwarsu ita ce, Maganar Allah ce ma'auni, zuciya kuwa ita ce abin da ake ɗorawa a kai. A shekara ta 1644, bayan rasuwar mahaifiyarsa, Bunyan ya shiga sojan Majalisa a yaƙin basasa, yana ɗan shekara 16. Wata rana wani soja ya roƙa a tura shi a madadin Bunyan, ya tafi, harsashi ya same shi a ka yana cikin gadi. Wannan bai sa Bunyan ya tuba ba.

Da ya bar soja ya auri wata matalauciya 'yar'uwarsa a talauci. Ko kwano da cokali ba su da shi. Garar da ta kawo littattafan ibada biyu ne da mahaifinta ya bar mata, suka riƙa karanta su tare. Sai Bunyan ya fara gyara halinsa. Wata mace da ita kanta ba a shaide ta da kirki ba ta tsauta masa a kan rantse-rantsen banza, kunya ta kama shi, ya daina. Ya bar rawa, ya bar wasa ran Lahadi, ya zama na kan gaba a majami'a. Maƙwabta suka yi ta yabonsa, shi kuwa yabon na yi masa daɗi. A nan fa muke so a lura. Da a ikkilisiyarmu yake a lokacin nan, da mun ba shi dattijo ba da ɓata lokaci ba. Amma shi da kansa daga baya ya shaida cewa bai san Kristi ba tukuna.

Abin da ya farkar da shi ƙaramin abu ne. Ya shiga Bedford yawon aikinsa, ya tarar da waɗansu mata talakawa uku ko huɗu zaune a bakin ƙofa suna shan hantsi, suna taɗi a kan sabuwar haihuwa, da muguntar zuciyarsu, da yadda alkawaran Allah suke ƙarfafa su. Ya tsaya yana ji. Shi da yake gwanin zancen addini, sai ya ga bai san komai a kan abin da suke faɗa ba. Su ne suka haɗa shi da fastonsu, John Gifford.

Kada mu ɗauka daga nan sai salama. Shekaru ya yi yana fama. Wani tunani ya riƙa damunsa dare da rana cewa ya sayar da Kristi, har wata safiya ya ga kamar ya yarda a ransa. Labarin Isuwa da ke Ibraniyawa 12 ya zame masa ƙaya, yana ganin ƙofar tuba ta rufe. Ba ya neman mafarki, ba ya neman wani ya rarrashe shi da baki. Ayoyi yake bi ɗaya ɗaya, yana auna wadda take tsorata shi da wadda take kiransa, Yahaya 6:37 ta zama wurin da yake komawa. Ya sami wani tsohon littafin Martin Luther a kan Galatiyawa, duk ya yayyage, ya ga kamar daga zuciyarsa aka rubuta shi. Daga bisani, yana tafiya cikin saura, ya gane cewa adalcinsa Kristi ne da kansa, wanda yake a sama, ba ya ƙaruwa ranar da zuciyarsa take da zafi, ba ya kuma raguwa ranar da ta yi sanyi. A 1653 ya shiga ikkilisiyar Gifford, ba da daɗewa ba ya soma wa'azi.

Matarsa ta rasu a 1658, ta bar masa 'ya'ya huɗu, babbarsu Maryamu makauniya ce. A 1659 ya auri Alisabatu. A 1660 aka maido da Sarki Charles na Biyu kan gado, hukuma ta matsa wa masu taron sujada a waje da Ikkilisiyar Ingila. A watan Nuwamba aka kama Bunyan a wani gidan gona inda ya je wa'azi. An gargaɗe shi tun da wuri, ya ƙi gudu don kada raunanan masu bi su karai. Hukuncin wata uku ne. Abin da ake nema daga gare shi bai fi alkawarin daina wa'azi ba. Ya ƙi, wata uku ya zama shekara goma sha biyu.

Ba mu so a ɗauki wannan kamar labarin jarumi marar tsoro. Alisabatu tana da ciki sa'ad da aka kama shi, firgita ta sa naƙuda ta zo mata, jaririn bai rayu ba. A 1661 ta tsaya da kanta gaban manyan alƙalai, har da Matthew Hale, ta roƙa, ba a sake shi ba. Abin da ya fi cin ransa shi ne tunanin makauniyar 'yarsa tana bara cikin sanyi. Yana kurkuku yana haɗa igiyoyin ɗaure takalma ana sayarwa don iyali su ci. Littattafansa a can su ne Littafi Mai Tsarki da tarihin shahidai na John Foxe. A 1666 ya fitar da labarin tubarsa.

An sake shi a 1672, ikkilisiyar Bedford kuwa ta riga ta zaɓe shi fasto tun yana tsare. Suka sayi wani rumbun hatsi suka mai da shi wurin sujada. An sāke ɗaure shi na 'yan watanni. A 1678 Tafiyar Mai Ibada ya fito, kashi na biyu ya biyo a 1684, an kuma juya shi cikin harsuna fiye da 200. Duk wanda ya san fadamar fid da zuciya da ke cikin littafin, ya san mutumin da ya rubuta ta ya taɓa nutsewa a ciki. Littattafansa sun kai wajen 60.

A watan Agusta 1688 ya hau doki zuwa garin Reading don ya shirya wani uba da ɗansa. A hanyarsa ta zuwa Landan ruwan sama ya yi masa dūka, zazzaɓi ya kama shi. Ya rasu ran 31 ga Agusta a gidan abokinsa, yana da shekara 59, aka binne shi a makabartar Bunhill Fields. Wata tara bayan haka, a 1689, Majalisa ta kafa dokar da ta ba irin ikkilisiyarsa izinin yin sujada a fili.