Lou Thesz, Sarkin Kokowar Amurka na Zamanin Yankuna (1916-2002)

Gardamar da ba ta ƙarewa a zaurukan Birni da Zango, musamman in lokacin gasar takobi ya gabato, ita ce ta wane ne ya fi a cikin ƴan kokowan dauri: Kantu na Maradi, wanda ya ɗauki takobin farko a Tawa a shekara ta 1975, ko Salma Ɗan Rani na Doso, ko Kadade na Tawa, ko kuwa Langa-Langa, wanda filin kokowar Damagaram ke ɗauke da sunansa. Mutanen Amurka ma suna yin irin wannan gardama game da nasu mazajen, kuma sunan da ya fi yawan fitowa a kan gaba shi ne na marigayi Lou Thesz.

Sai dai akwai abin da ya kamata mai karatu ya sani tun da fari. A Nijar, in an kai mutum ƙasa, ƙarfi da dabara ne suka kai shi. A kokowar sana'a ta Amurka kuwa, masu shirya wasa ne ke yanke wanda zai yi kaye tun kafin a shiga fili. Ke nan ƙidayar nasarori ba ta nuna gwanintar kowa. To, da wace tiya za a auna waɗannan mazaje?

An haifi Thesz ran 24 ga watan Afrilu na shekara ta 1916 a jahar Mishigan, ya tashi a birnin Saint Louis. Mahaifinsa baduku ne mai ɗinkin takalma wanda ya yi ƙaura daga tsakiyar Turai, kuma shi ya fara koya masa kokowa. Yana da shekara 16 ya shiga sana'ar. Ya yi almajiranci a hannun George Tragos da Ad Santel, waɗanda suka koya masa kamun da ke karya hannu ko ya gurɗe ƙafa, irin wanda ba a nuna wa ƴan kallo. Daga baya tsohon zakara Ed Lewis ya zama ubangidansa. A watan Disamba na 1937 ya karɓi ɗamarar zakaran duniya daga Everett Marshall, yana ɗan shekara 21.

A wancan zamani an rarraba Amurka da Kanada yanki-yanki, kowane yanki da mai shirya wasansa, da garuruwansa, da gwarzonsa, kuma ba mai shiga gonar wani. Zakarun duniya sun yi yawa, kowa da ɗamararsa. A 1948 wasu daga cikin masu yankunan suka taru a garin Waterloo na jahar Ayowa, suka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiya mai suna NWA, suka amince da zakara guda wanda zai riƙa zagayawa yana karawa da gwarzon kowane yanki. Orville Brown suka fara naɗawa. An sa ranar karawarsa da Thesz a watan Nuwamba na 1949, sai Brown ya yi hatsarin mota wanda ya raba shi da kokowa har abada, aka miƙa wa Thesz ɗamarar.

A nan ne ake gane darajar mutumin. Tun da yake wasan shiri ne, babban abin tsoron masu ƙungiya shi ne cin amana: wani ɗan kokowa ya yi watsi da yarjejeniya a tsakiyar fili, ya danne zakara da gaske a gaban dubban mutane, ya tafi da ɗamara yankin ubangidansa. An taɓa yin haka. A 1925 Stanislaus Zbyszko, tsoho mai shekaru fiye da 40, ya yi wa Wayne Munn wannan aika-aika a birnin Filadalfiya, don Munn ƙato ne kawai, bai iya kokowa ba. Saboda haka ƙungiya na bukatar zakaran da zai shiga garin da ba shi da kowa, gaban alƙalin wasan da bai sani ba, ya fito da ɗamararsa ko da an yi masa makirci. Thesz ne wannan mutum. Ya riƙe ta daga 1949 har watan Maris na 1956, kwana 2,300 a jere, yana haɗe ƙananan sarautu ɗaya bayan ɗaya. Karawarsa da Baron Michele Leone a Los Anjalas cikin Mayun 1952 ta tara mutum fiye da 25,000, kuma ita ce ta farko da kuɗin ƙofarta ya haura dala 100,000.

A watan Oktoba na 1957 ya tafi Japan, ya kara da Rikidozan a Tokyo, suka yi awa guda cur babu kaye. Rikidozan shi ne gwarzon da ya ɗaga kan Japanawa bayan yaƙin duniya na biyu, kuma ganin ya yi kunnen doki da zakaran duniya ya ƙara wa kokowar ƙasar martaba ƙwarai. Har ƙarshen rayuwar Thesz mutanen Japan sun fi ƴan ƙasarsa girmama shi.

Ba mutum ne mai sauƙin hali ba. Yana fitowa fili da baƙin wando da tawul, ba ado, ba kirari, kuma bai ɓoye rainin da yake yi wa masu rinin gashi da rigunan ƙyalƙyali waɗanda talabijin ya ɗaukaka ba. Yakan yi jayayya da masu yankuna a kan kasonsa, yakan kuma ƙi miƙa ɗamara ga wanda bai ɗauka ɗan kokowa ba. Wasu na kiran wannan girman kai, kuma suna da hujja. Amma wannan taurin kan ne ya sa aka sake nemo shi a 1963, yana da shekara 46, lokacin da ƙungiya ta so karɓe ɗamara daga Buddy Rogers, wanda masu yankin Niyok suka mallake. Ran 24 ga Janairu, a Toronto, Thesz ya danne shi. Mutanen Niyok, da Vincent McMahon a kan gaba, suka ƙi amincewa da kayen, suka ɓalle suka kafa tasu ƙungiya. Wannan ƙungiya ce, a hannun ɗan McMahon, ta mamaye sauran yankuna a shekarun 1980 ta hanyar talabijin, har tsarin ya rushe.

Masu gardamar fifiko ba su taɓa haɗa baki ba. Wanda ke auna cikar fili zai ce Bruno Sammartino, da ya riƙe ɗamarar Niyok daga 1963 zuwa 1971. Wanda ke auna kwarjini zai kawo André Roussimoff, ƙaton nan na Faransa da yankuna ke layin aronsa. Masu son iya baki da ado suna tare da Rogers ko Ric Flair, mutanen Miniyapolis kuma ba su san kowa ba sai Verne Gagne. Amma in tambayar ita ce wa masu sana'ar da kansu suka damƙa wa amanarsu lokacin da suke tsoron juna, to amsar ba ta da wuya: sau uku Thesz ya riƙe ɗamarar NWA, jimlar shekara goma da ƴan kai, abin da ba wanda ya yi.

Gene Kiniski ya karɓe ta daga hannunsa a Saint Louis cikin Janairun 1966. Bai bar fili ba duk da haka. Wasansa na ƙarshe ya yi shi ne a garin Hamamatsu na Japan, ran 26 ga Disamba 1990, yana da shekara 74, da almajirinsa Masahiro Chono, kuma almajirin ne ya yi nasara. Ya rasu a Orlando ta jahar Fulorida ran 28 ga Afrilu 2002, bayan aikin zuciya da likitoci suka yi masa, kwana huɗu da cikarsa shekara 86.