Wasili Kandinski, Mai Zanen Launuka

Sau da yawa nakan ji ɗalibai suna raina irin zanen nan da ba a ganin mutum ko doki ko itace a cikinsa, sai launuka da layuka, wai ko ɗan aji ɗaya ya iya shi. Don haka na ga ya kamata in ba ku labarin ɗaya daga cikin waɗanda suka fara wannan aiki a ƙasashen Turai.

An haifi Wasili Kandinski a birnin Mosko ta ƙasar Rasha a 1866. Ubansa attajiri ne mai cinikin shayi. Tun yana yaro ya koyi kaɗa fiyano, da ya girma kuwa ya karanta shari'a a jami'ar Mosko. A 1889 aka aika shi wani lardi na arewa ya binciki al'adun ƙauyawa. Da ya shiga ɗakunansu ya tarar duk an ƙawata su da launuka masu haske, har ya ji kamar cikin zane yake tafiya. Bayan 'yan shekaru ya ga zanen tarin ciyawa na wani Bafaranshe, bai ko gane abin da aka zana ba, amma launin ya kama zuciyarsa.

A 1896, yana da shekara 30, aka yi masa tayin koyar da shari'a a wata jami'a. Ya ƙi, ya tafi Munik ta Jamus ya koma ɗalibi.

Can ne wata rana da magariba ya shiga ɗakin aikinsa, ya hangi wani zane mai ban sha'awa jingine da bango. Ashe nasa ne, an ajiye shi a karkace. Daga nan ya tabbata launi da siffa kaɗai sun isa su motsa zuciya, kamar yadda kiɗa ke yi ba tare da magana ba.

To, amma kada ku zaci shafe-shafe yake yi da ka. Babban zanensa na 1913, wanda ya kira Tsari na Bakwai, cikin kwana huɗu ya gama shi, amma sai da ya yi gwaje-gwaje fiye da 30 tukuna, yana auna inda kowane launi zai zauna.

Daga 1922 ya koyar a makarantar Bauhaus, har mutanen Hitila suka sa aka rufe ta a 1933. Ya ƙaura Faransa, ya mutu kusa da Faris a 1944.

Abin da nake so mu malamai mu riƙe shi ne, aikin da ya zo da sauƙi a idon mai kallo, dogon shiri ne ya haife shi. Darasin minti 40 ma haka yake. Wanda ya shiga aji bai shirya ba, yara ne za su fara ganewa.