Irving Langmuir (1881-1957): Masanin da ya Raɗa wa Filasma Suna

An haifi Irving Langmuir a unguwar Burukilin ta birnin Niyok, a ƙasar Amurka, ranar 31 ga Janairu, 1881. Ya yi digirin farko a fannin sarrafa ƙarafa a Jami'ar Kolombiya, ya gama a 1903, sannan ya tafi Jamus ya sami digirin digirgir a Jami'ar Gottingen a 1906. Bayan ya ɗan taɓa koyarwa, sai ya kama aiki a ɗakin binciken kamfanin General Electric a 1909, bai bar wurin ba sai da ya yi ritaya a 1950.

Ƙwan lantarki ne ya fara fito da sunansa. A wancan zamani ana zuƙe iskar cikin ƙwan ne ƙaf, zaren tangistan da ke ba da haske kuwa yana ta zaizayewa har gilashin ya yi baƙi. A 1913 ya nuna cewa idan aka cika ƙwan da iskar da ba ta cin wuta, aka kuma murɗe zaren, hasken zai ƙaru, ƙwan ya daɗe. Nazarin da ya yi kan abin da ke faruwa a saman ƙarfe da saman ruwa shi ya jawo masa kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1932.

Daga aikin fitila ya shiga nazarin iskar da wutar lantarki ta ratsa. Idan iska ta yi zafi matuƙa, ƙwayoyin zarrar cikinta sukan saki ilektoron ɗinsu, sai ta koma wani abu dabam mai ɗaukar lantarki, wanda maganaɗisu ke iya juya shi. Rana da taurari duk wannan abu ne. Langmuir ne ya raɗa masa suna filasma a 1928. Yana da kyau ɗalibin harshe ya lura da cewa bai ƙago sabuwar kalma ba. Kalma ce ta Girkanci wadda likitoci suka riga suka ba ruwan jini, shi kuwa ya faɗaɗa ma'anarta, kamar yadda Bahaushe ya ɗauki jirgi daga kan ruwa ya kai shi ƙasa da sama.

Tun a 1924, shi da abokin aikinsa Harold Mott-Smith suka fito da hanyar auna filasma. Ɗan tsinken ƙarfe ne ake cusawa a ciki, a riƙa sauya ƙarfin lantarkinsa ana duba yawan wutar da yake ja, daga nan a lissafa zafin ilektoron da yawansu. Har yau sunan Langmuir wannan tsinke yake amsawa.

A ƙarshen rayuwarsa ya duƙufa kan sa gizagizai su zubar da ruwa, bayan gwajin da Vincent Schaefer ya yi a 1946. A nan ya yi iƙirarin da ya fi ƙarfin hujjarsa, masana yanayi kuma ba su yarda da shi ba. Ya rasu ranar 16 ga Agusta, 1957, a jihar Masacusat.

Babban amfanin tsinkensa ya bayyana ne bayan rasuwarsa. Tun wajen 1951 masana a Tarayyar Sobiyat da Amurka suke ƙoƙarin samar da makamashi ta hanyar haɗe ƙwayoyin zarra, kamar yadda rana ke yi. Wannan yana buƙatar filasma mai zafin da ya wuce digiri miliyan 100, babu kuwa tukunyar da za ta jure shi, don haka ake riƙe shi da maganaɗisu a cikin na'ura mai siffar zobe, wadda aka fi sani da tokamak. Matsalar tana a gefe, wato inda filasma ke kusantar bangon na'urar. A nan ba ya zama lafiya. Wanda ya ga yadda guguwa ke tashi a gonakin Bacirawa da bazara, ta kwashi ƙura da karmami ta watsar a gonar maƙwabci, ya ga misalin abin. Haka ƙananan guguwowi ke ɓallewa daga gefen filasma su kwashi zafi su kai bango, sai cikin ya huce, bangon kuma ya lalace.

Tsakiyar na'urar za ta narkar da kowane ƙarfe nan take, amma a gefe zafin yana da dama-dama, saboda haka da tsinken Langmuir aka auna mafi yawan abin da aka sani game da wannan hargitsi. Wani lokaci cusa shi ake yi a zare cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya don kada ya ƙone. A 1982, a na'urar ASDEX da ke Jamus, Friedrich Wagner ya gano cewa idan aka ƙara zafi ya wuce wani mizani, hargitsin gefen yakan lafa farat ɗaya, riƙon zafin ya kusan ninkawa. A kan wannan yanayi aka tsara babbar na'urar ITER da ake ginawa a kudancin Faransa, sashenta da zai fi shan zafi kuwa da tangistan ake lulluɓe shi.