Adolf Meyer

Adolf Meyer (13 ga Satumba, 1866 – 17 ga Maris, 1950) likitan ƙwaƙwalwa ne haifaffen ƙasar Suwizalan wanda ya yi aiki a Amurka. An san shi da horar da matasan likitoci kan bincike, da kuma kira ga rigakafin taɓin hankali.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a ƙauyen Niederweningen kusa da birnin Zurich. Mahaifinsa limamin coci ne. Ya karanci likitanci a Jami'ar Zurich, inda Auguste Forel ya koyar da shi. Ya kammala a 1892, kuma a shekarar ya yi ƙaura zuwa Amurka.

Aiki

Ya yi aiki a asibitin masu taɓin hankali na Kankakee daga 1893 zuwa 1895, sannan a Worcester har zuwa 1902. Ya zama farfesa a Jami'ar Johns Hopkins a 1910, ya kuma shugabanci asibitin Henry Phipps da aka buɗe a 1913.

A ganinsa, ba a fahimtar ciwon hankali sai an san tarihin majinyaci, wato tasowarsa, iyalinsa, sana'arsa da lafiyar jikinsa. Saboda haka ya wajabta wa ɗalibansa rubuta wannan tarihi filla-filla. Matarsa, Mary Potter Brooks, takan ziyarci gidajen majinyata don ganin halin da suke ciki.

Rigakafi da horarwa

Meyer ya mara wa Clifford Beers baya, wani tsohon majinyaci da ya fallasa azabar da ake gana wa marasa lafiya a littafinsa na 1908. A 1909 aka kafa kwamitin ƙasa na kula da lafiyar hankali, don gyara asibitoci da tare ciwon tun bai yi nisa ba. Cikin likitocin da suka samu horo a wurinsa akwai Leo Kanner, jagoran likitancin ƙwaƙwalwar yara, da Aubrey Lewis na asibitin Maudsley a Landan.

Suka

Masana tarihi sun soki Meyer kan batun tsohon ɗalibinsa, Henry Cotton, wanda yake cire wa majinyata haƙora da sassan hanji da sunan magani. Binciken Phyllis Greenacre ya nuna majinyata da yawa suna mutuwa bayan tiyatar, amma Meyer bai bari an wallafa rahoton ba.

Rasuwa

Ya yi ritaya a 1941, ya rasu a birnin Baltimore yana da shekara 83.